Ban Ruwa a Gindin Eriya

Tun da na ajiye aiki, masu kafa sababbin gidajen rediyo ke kira na in duba musu kaya in ba su shawara. Duk inda na je halina ɗaya ne. Mai tasha zai tare ni a ƙofa da fara'a, yana ɗokin ya nuna mini sitidiyo mai sanyi da kujeru masu juyawa, ni kuwa sai in ce masa ya dakata. In zagaya bayan gini, in tsuguna a gindin eriya, in damƙi ƙasa in murza a hannu. In na ji ta a bushe, nan take raina yake ɓaci. Wani a Kano ya taɓa tambayata ko noma na zo koya musu, na ce masa e, ya kawo bokiti. Na san tashoshin yanzu ba su dogara da ƙasa kamar tamu ta dā ba, ramin da ke gindin eriyarsu don kare tsawa kawai aka yi shi. Na fi su sanin haka. Hannuna ne ya ƙi ji.

Tasharmu ta Maiduguri a matsakaicin zango take, irin wadda ake kamawa da ƙaramar rediyo a ƙauye. Sitidiyo yana cikin gari, ni kuwa wurin aikina yana bayan gari, inda tiransimita, injin da ke watsa murya, take da doguwar eriyar ƙarfe a tsakiyar fili. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, rabin eriyar nan a ƙasa yake. Wayoyin jan ƙarfe ne aka binne, sun bazu daga gindinta kamar saiwa. In ƙasa da danshi murya takan yi nisa, in ta bushe sai ta gaji a hanya. A cikin tiransimitar kuma akwai wata babbar kwalba, haka muke ce mata, ita ke ba murya ƙarfi. Tana tsufa kamar mutum, kuma ba a gyara ta, sai dai a sake wata.

A shekarun da gari ya rikice, kwalba ɗaya tak ta rage mana, ita ma ta ci zamaninta. Sabuwar da aka ce an yi oda ba ta zo ba, hanya ma ba kullum take biyuwa ba. Ni da bakina na ba manaja shawara mu rage ƙarfi zuwa rabi don ta daɗe. Aka rage. Yerwa, wato cikin Maiduguri, da kewaye suna jinmu rangaɗau, ƙauyukan nesa kuwa muka ɓace musu. A lokacin abin bai hana ni barci ba, lissafin aiki ne kawai.

Ina da yaya mace guda. Uwarmu ta rasu ina ƙarami, ita ta goya ni, ita ta yi ta dukana har na yi hankali. Aure ya kai ta wani ƙauye can kudu da gari, mijin ya rasu, ta zauna a gonarta ta gyaɗa da wake ta ce ba inda za ta. Mutane suna cewa ina da zafin rai, to ba su ga Yaya ba. Duk duniya ita kaɗai ke ce mini ƙazami, har bayan na yi furfura, wai don ina yaro ba na son wanka. Wata shekara ana zaman lafiya na je gaishe ta, ta yi mini tas a kan tasharmu. Ta ce muryarmu a wurinsu kamar ana suyar ƙosai, in wannan ne aikin da nake taƙama da shi gara in dawo in riƙe mata fartanya. Ƙauyen nasu a daidai bakin iyakar da muryarmu ke kaiwa yake. Na hau dogon yaron tsakar gidanta na ɗaura siririyar waya, na sauko da ita na nannaɗe jikin rediyon, ɗaya bakin na ɗaure a wata babbar ƙusa na kafa ta a gindin randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi. Murya ta fito tar. Na ce mata kada ta bari gindin ƙusar ya bushe. Ta dube ni ta ce ashe duk shekarun da aka yi ana tura ni makaranta kafa ƙusa na koyo.

Da bazara ta kama a shekarar da aka yanke layukan waya, sai ga 'yar Yaya a ƙofar gidana a unguwar Gomari, da jariri a bayanta, ƙafafunta duk sun tsattsage. Ita kaɗai Yaya ta haifa, mijinta kuma yana ci-rani a Legas. Ta je kasuwar wani gari kusa da su ne yaran nan masu bindiga suka faɗa wa yankin, kowa ya yi ta kansa, ta bi ayari cikin daji har suka sami babbar motar da ta kwaso su. Ba ta san halin da uwarta ke ciki ba. Bayan kwanaki wasu mutanen ƙauyen suka iso, na bi su makarantar da aka sauke su. Suka ce Yaya tana da rai. Da ƙura ta lafa ta koma gidanta, motar ƙarshe ta tsaya mata, aka yi juyin duniya ta shiga, ta ƙi. Ta ce in 'yarta na raye gida za ta dawo, kuma ba za ta dawo ta tarar da kango ba. Bayan wannan motar hanya ta rufe.

To ka ji abin da ya hana ni zama. Tsohuwa tana can tana gadin gida saboda yarinyar da ke zaune a tsakar gidana tana shan kunu. Magana ɗaya ce ta raba su, kuma babu waya, babu mota, babu wanda zai yarda a aike shi. Rediyo kawai ya rage.

Kullum bayan la'asar muna da filin cigiya. Wata abokiyar aikinmu ke karantawa, Babarbariya mai sanyin murya, takan yi da Hausa, ta maimaita da Barbarci, wani lokaci har da Larabcin Shuwa. Tun da safe mutane ke yin layi a ƙofar sitidiyo da sunayen waɗanda suka ɓace musu. Na ba ta tawa: wance 'yar wance tana Gomari gidan kawunta, ita da jaririnta lafiya lau, uwarta ta taho. Ta karanta a ranar. Amma ni na san abin da sauran mutanen layin ba su sani ba. Su suna komawa da sanyin zuciya, sun yi kira. Ni kuwa na san inda kiran ke tsayawa, na san shi kamar yadda na san katangar gidana, kuma ƙauyen Yaya yana can bayansa da nisa. Wallahi in na bi ta gaban layin nan sai in sunkuyar da kai.

Na sami manaja a ofis na ce a ba ni izini in mayar da ƙarfi cikakke, a lokacin cigiya kawai. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba, amma a ranar na so in shaƙe shi. Ya tuna mini ni na kawo shawarar ragewa. Ya ce hawa da sauka kullum shi ya fi kashe kwalba, wannan ma daga bakina ya ji. Ya ce in ta mutu gari gaba ɗaya zai yi shiru, a lokacin da ko dokar hana fita daga wurinmu ake jinta. Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara harzuƙa. Na buga masa tebur, abin da ban taɓa yi ba.

"Yallaɓai, waɗanda ke cikin gari ba su ɓata ba," na ce masa. "Muna ta cigiyar mutane a kunnen masu cigiyar. Wa muke yaudara?"

Ya yi ta juya biro. Can ya ce in je, rabin sa'a, in kuma kwalba ta mutu in zo da kaina in tsaya kusa da shi ranar da za a tambaya.

Na ɗaga ƙarfi washegari. Kwalbar ta tsufa fiye da yadda na zata. Na murɗa har ƙarshe, allurar mita ta hau ta tsaya ƙasa da inda take tsayawa a dā. Ko da lafiyayyar kwalba da kyar muke isa ƙauyen, balle yanzu, ga bazara, ƙasa ta ƙeƙashe kamar bayan tukunya. Na fita na zagaya filin, na tarar masu tsintar ƙarfe sun tone wayoyin ƙasa ta gefe guda sun yi gaba da su. Haba, ranar na yi zagi har maigadi ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa.

Abin da ya rage a hannuna ƙasa ce, sai na koma mata. Tsohuwar dabarar masu aikinmu ce: a binne waya, a zuba gawayi da gishiri, a yi ta ban ruwa, gawayi ya riƙe danshi, gishiri ya buɗe wa wuta hanya. Na shiga kasuwa na haɗa kaya na tari keke-napep na ɗora. Sai da muka doshi shingen sojoji na tuna irin garin da nake ciki. Dattijo da buhuna da nannaɗaɗɗiyar waya, yana nufin bayan gari! Tun daga nesa aka daka mana tsawa. Mai keke ya ɗaga hannu yana salati, ni aka sa na ɗaga riga na juya, sannan na zauna a ƙasa cikin rana. Na nuna katin aiki, na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, sojan yana kallona kamar ina yi masa waƙa. Daga ƙarshe ya ce in gishiri ne in ci. Kowane buhun gishiri sai da ya farke shi na ɗiba na watsa a baki. Na ci, ina hararsa, idona na ruwa. Da ya sake mu mai keke ya rantse ba zai ƙara ɗaukata ba ko da jirgi zan saya masa.

Daga nan rayuwata ta koma jarka. Akwai rijiyar burtsatse a harabar saboda sanyaya injin. Da na sallame azahar sai in fara jido, ina bin layin wayoyin da na binne ta ɓangaren kudu, ina tsiyayawa, ƙasa na shanyewa tun kafin in juya baya. Kafin la'asar rigata ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Sai in shiga in yi salla a gurguje, in murɗa ƙarfi, in tsaya kan mita. Abokan aiki suka sa ni gaba da tsiya. Wannan ya tambaye ni me na shuka, wancan ya ce a ajiye masa dami ɗaya in an yi girbi. Abin haushi kuma ciyawa ta tsiro, kore shar a tsakiyar bazara, awakin unguwa suka gano wurin, suna kiwo suna lasar gishirina, ina bin su da jifa. Allurar mita ta ƙaru, amma da kaɗan, kamar kaurin zare. Ni injiniya ne, na san abin da kaurin zare zai iya da abin da ba zai iya ba. Ban fasa ba, don in na zauna ji nake kamar ana tsikarina da allura.

A gida ma babu sauƙi. Yarinyar nan kullum bayan la'asar tana rungume da rediyo tana sauraron sunanta, kamar ita aka ce ta taho. In na dawo ba ta bari in cire takalmi.

"Kawu, ta ji?"

Tambayar kenan kullum. Da farko nakan ce in Allah ya so. Daga baya na fara yi mata faɗa, in ce ni ba boka ba ne, mita ba ta nuna kunnen mutum. Sai ta shige ɗaki, ni kuma in rasa inda zan sa kaina don kunya. Matata ta ce na zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, daga zaure zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa bakin titi. Abinci a tsaye nake ci. Jirgi in ya tashi daga filin da ke kusa da mu sai in bi shi da kallo in ga ko kudu ya nufa, kamar zai kai mini saƙo.

Duk safiyar da na ji an kawo sababbin 'yan gudun hijira sai in tafi. In gaishe su da Barbarci, wushe, wushe, in jajanta, sannan in tambaya ko suna kama tasharmu a inda suka fito. Wasu su amsa, wasu su dube ni sama da ƙasa. Wani dattijo ya ce mini an ƙone masa rumbu an kashe masa ɗa, ni kuma rediyo nake tambaya. Na ba shi haƙuri, na matsa gaba na tambayi na kusa da shi. Wani ya ce suna ji da la'asar amma da shuu a ciki, sai dai garinsu bai kai nisan na Yaya ba. Wata ta ce ba sa ji sam, ita kuma garinsu ya fi kusa. Na dawo da ruɗani fiye da wanda na tafi da shi.

Ana nan sai mai karanta cigiya ta tare ni a baranda. Cikin ladabi ta ce sunaye sun yi yawa, rabin sa'a ba ya isa, wasu sai su yi kwanaki ba a kai kansu ba, kuma mutane sun fara magana cewa akwai sanarwa ɗaya da ba ta taɓa fashi. Ta ce ko za a riƙa tsallake tawa wasu ranaku. Na hau ta da faɗa. Na ce ranar da aka tsallake ita ce ranar da tsohuwar za ta kunna. Na ce ƙarfin da ake kiran kowa da shi a bayana nake ɗauko shi jarka jarka. Ta ce to Baba, ta wuce. Ta ci gaba da karantawa kullum, a farkon fili ma.

Haka muka ƙare bazara. Hadari ya fara haɗuwa, aka yi ruwan fari, aka yi na biyu. Wata safiya ina shirin fita aka yi sallama, matata ta shigo da wata tsohuwa ramammiya da ƙunshi a ka. Yarinyar ce ta fara gane ta, maƙwabciyar Yaya ce, katanga ɗaya ta raba su. Sun fito ta daji da wasu mutane da ruwa ya sauka. Ta ce ba ta sha wuyar neman gidan ba, ai kullum tana jin Gomari, gidan kawunta, har ta haddace.

Na zauna a kan turmi. Aka ba ta ruwa ta sha, sannan ta kwance ƙunshin. Rediyon Yaya ne, wayata tana nannaɗe a jikinsa yadda na bar ta, ƙusar tana lilo da busasshen laka a jikinta. Da na ga ƙusar na san sauran labarin, amma na bar ta ta faɗa.

Ta ce da aka watse, an fasa randar, rediyon kuma ya daina kama mu. Duk da haka kullum la'asar Yaya sai ta ɗebi ruwan shanta, wanda da kyar suke samowa, ta tsiyaya a gindin ƙusa, ta kunna, ta kara a kunne, ta kashe don batir. Da rana ta shanya batiran a kan bango. 'Yan tsofaffin da suka rage suka ce ta taɓu. Rannan, ana tsakiyar zafi, sai ga murya can ƙasa ƙasa. Ta ce Yaya ta ji sunan da Hausa ba ta yarda ba, sai da aka maimaita da Barbarci, sannan ta kifa goshi a ƙasa ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta so ta taho, amma ƙafafunta sun riga sun kumbura, ko bakin rijiya ba ta iya zuwa, mota kuwa babu. Sai ta zauna tana saurare kullum. In an karanta sai ta amsa, ta ce to, na ji. Ciwon ya ci ƙarfinta, ta rasu tun kafin ruwan fari, maƙwabciyar ce ta yi mata wanka.

Yarinyar ta fashe da kuka, matata ta riƙe ta. Ni na kasa, lissafi kawai nake yi a kaina, makonnin da muka yi muna kiran wadda ke kwance a ƙasa. Tsohuwar ta juyo gare ni ta ce akwai saƙo, kuma an sa ta yi alkawarin za ta faɗa yadda aka faɗa mata, kada in ji haushinta. Na ce ta faɗa.

"Ta ce, ki ce wa ƙazamin nan na ji, na ji tun tuni. Ya isa haka. Ya bar wa mutane fili su nemi nasu, ba shi kaɗai ke da 'yar'uwa ba."

A nan ne kukan ya zo mini, da dariya a cikinsa, har na rasa wanne nake yi. Na dafa kan yarinyar na ce mata ta ji, ga amsar tambayarki, ta ji.

Bayan azahar na bar mutane a zaure suna karɓar gaisuwa na tafi sitidiyo. Na sami mai karanta cigiya na ce ta cire tawa daga yau, ta sa na wasu a wurin. Ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce Allah ya jiƙanta. Daga can na wuce bayan gari. Manaja ya aiko a ce mini in koma gida, wani zai riƙe mini, na ce ba wanda zai taɓa mini kwalba. La'asar ta yi na murɗa ƙarfi har ƙarshe, na ji ta fara da sunan wani mutum da ke neman matarsa da 'ya'yansa. Na ɗauki jarka na fita. An yi ruwa a jiyan, ƙasa a jiƙe take sharkaf, ba ta bukatar ko ɗigo. Na tsiyaye jarkar duka ta ɓangaren kudu, na koma na ciko wata.